Zarton Mutum Biyu

Auta ya gaji babban shagon kafintoci daga mahaifinsa, kuma bai daɗe ba ya rasa shi. Ba caca ya yi ba, ba shaye-shaye ba. Ɗanyen katako ne ya kai shi ƙasa.

Shagon ba na wasa ba ne. Akwai injin yanka, akwai na kankara, akwai na huda, ga motar kai kaya, ga ma'aikata cike da wuri, sai ka daka tsawa kafin na kusa da kai ya ji ka. Tsohon ya rasu ya bar wa yaron duk wannan, har da suna mai kyau, wanda ya fi injinan daraja. Ba a jima da rasuwar ba aka ba shagon kwangilar ƙofofi da tagogin wata sabuwar makaranta, azuzuwa jere da ofisoshi da babban zauren taro. Auta ya iya aiki, a cikin garin katako ya yi rarrafe. Abin da bai iya ba shi ne sayen katako, don mahaifinsa bai taɓa sakar wa kowa wannan ba. Sai ya damƙa sayayyar a hannun mijin yayarsa.

Mijin nan dillali ne, mai fara'a da yawan surutu. Mai Arha ake ce masa, domin ko allura ya saya sai ya ba ka labarin yadda ya karya farashi. Shi da Auta wasa suke sosai, irin na miji da ƙanin mata, in suka haɗu sai an gaji da jin tsokanarsu. Ya tafi wani wuri mai nisa ya dawo da motoci cike da katako, yana washe baki, yana rantsuwa ya bushe ƙamas. Bayansa ya bushe, wannan gaskiya ne. Cikinsa kuwa ruwa ne. Shugaban ma'aikatan shagon, wani dattijo da ƙarar inji ta cinye wa kunne har ake kiransa Kurma, ya ɗaga guda ya ce nauyinsa bai kwanta masa ba. Mai Arha ya ce tsufa ne, yanzu ko cokali Baba ya ɗauka sai ya ce da nauyi. Aka yi dariya. Auta ya bi maganar mijin yayarsa.

Aka yi ƙofofi, aka kafa, aka shafa fenti, har hoto aka ɗauka. Da zafin rana ya buge su sai suka fara nuna hali. Wannan ta karkace ta ƙi rufuwa, waccan ta rufu ta ƙi buɗuwa. Wata rana mai gadi ya shiga aji duba wani abu, ƙofa ta kama shi a ciki, sai ta taga ya fito, ita ma tagar da ƙafa ya ɓalle ta.

Masu makarantar suka kira injiniyansu. Ya zo da wata 'yar na'ura mai allura biyu, in ya caka a katako sai ta nuna yawan ruwan da ke ciki. Ya bi ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta tsira. Aka ce a cire duka. Auta ya sayar da mota, ya sayar da injina, gidan da ya fara ginawa ma ya tafi, duk a wajen gyara ɓarnar. Ma'aikata suka watse, kowa da bakin da yake ciyarwa. A ƙarshe masu makaranta suka sa wa shagon kwaɗo suka riƙe makulli, da sharaɗi guda. In ya sake kowace ƙofa da busasshen katako kafin ranar buɗe makaranta, za a mayar masa da shagon ubansa. In ko guda ɗaya ta rage, za su sayar da wurin su ba wani aikin.

Daga baya labari ya fito cewa mai katakon ya gaya wa Mai Arha sabon yanka ne, a bar shi ya sha iska tukuna. Mai Arha ya musa, ya rantse, ya kawo shaidu irin nasa. Auta bai yi faɗa da shi ba. Ya dai aika masa cewa kada ƙafarsa ta sake taka gidan mahaifiyarsu. Yaya takan zo da yara ita kaɗai, ta zauna ta kalli ƙanenta ya rame, ta koma gida ta kalli mijinta ya rame. In ta buɗe baki za ta ambace shi, sai Auta ya ɗauki guduma ya hau bugun abin da ba ya bukatar bugu.

Kurma ne kaɗai bai tafi ba. Wani shago ya neme shi da albashi mai tsoka, ya ce bai ji me suka ce ba. Suka kafa rumfar kwano a bayan gidan Inna, mahaifiyar Auta, suka koma aikin hannu da ƙaramin zarto da kurfi da gam da ƙusa. Siraran katakai suka jera a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ba sa taɓa su sai sun bushe. Da haka, ƙofa bayan ƙofa, suka rufe azuzuwa da ofisoshi. Duk wadda suka kai, injiniya ya caka allurarsa ya gyaɗa kai. Auta ya yi baƙi, hannunsa ya yi kanta. Abokan da ke cika masa mota a da, yanzu in sun hango shi yana tura amalanke sai su tuna suna da waya a aljihu.

Saura ƙofar zauren taro, ita ce kuma matsalar. Ƙyaure biyu ne, dogaye masu kauri, kuma katako mai kauri irin wannan shekaru yake so kafin cikinsa ya bushe. Auta ya zaga kasuwar katako kaf. Duk wanda aka ce masa busasshe ne sai ya yanko gutsure ya kai wa injiniya, allura ta ce ƙarya ne. Injiniyan ba mugu ba ne. Ya ce shi ma yana so ya ga an gama, amma ba zai sa hannu a kan ƙofar da za ta kama 'ya'yan mutane a ciki ba. Ranar buɗe makaranta ta matso, har teloli sun fara ɗinka wa yara kaya. Sama kuma ta fara haɗa hadari.

Wata safiya Auta na wasa kurfi a rumfa sai ya ji ƙarar amalanke a lungu. Mai Arha ne ke turowa, ba hula, riga duk ƙura, Yaya na biye da shi. A kan amalanken wasu manyan katakai ne baƙaƙe wuluk, da yanar gizo a jiki da ramukan ƙusa. Yaya ce ta yi bayani, don mijin ya kasa ɗaga kai. Gidan da suke ciki kakan Mai Arha ne ya gina shi, kuma da jan katako mai kauri ya ɗaure rufin. Jiya mijinta ya hau ya yaye kwanon ya sauke katakan. Kayan ɗakinta suna gidan maƙwabta, su da yara a ƙarƙashin tamfol suka kwana.

"Kwashe kayanka," in ji Auta. "Na riga na ga irin katakonka."

Kurma bai ji ba, ko kuma ya ga dama bai ji ba. Ya riga ya zaro wuƙa yana kankare baƙin, ja na fitowa. Ya ɗaga gefe guda ya ajiye, ya ƙwanƙwasa da bayan wuƙar yana jin amsar a tafin hannunsa. Da yake kurma ne, in zai yi magana duk unguwa sai ta ji.

"Wannan ya bushe tun ubanka yana yawo ba wando."

"Auta, ba don shi ba," in ji Yaya. "Shagon Baba ne. Ni ma a can na yi wasa."

Auta ya ajiye kurfin hannunsa, ya ce a sauke katakon, mai shi kuma ya kama gabansa. Ya yanki gutsure ya kai wa injiniya. Injiniya ya caka ya duba, ya sake cakawa a ɗaya gefen, ya tambaye shi ina ya samo wannan. Auta ya ce daga rufin wani gida. Injiniya ya ce to ya yi sauri.

Sai kuma wata matsalar. Dole a tsaga katakan a fitar da alluna, kuma duk mai injin yanka da suka je wurinsa ya ƙi. Tsohon katakon rufi cike yake da karyayyun ƙusoshi da suka nutse ciki, ido ba ya ganinsu. In haƙorin inji ya ci karo da guda ɗaya ya tashi aiki, wataƙila har da yatsun mai turawa. Babu wanda zai yi wannan kasada saboda yaron da aljihunsa ya bushe.

Kurma ya tafi gida ya dawo da wani dogon abu a naɗe cikin buhu mai maiƙo. Zarto ne, ya fi mutum tsawo, da mariƙi a kowane kai. Da shi aka fara shagon tun ba a san inji ba. Aikinsa na mutum biyu ne. A haƙa rami a gindaya katako a bakinsa, ɗaya ya tsaya a sama yana bin layi yana ɗago zarton, ɗaya a cikin rami yana jawo shi ƙasa, kuma a jan ƙasa ne yake ci. Duk garin katakon a fuskar na ƙasa yake sauka. In haƙori ya taɓa ƙusa hannu zai ji, sai a tsaya a tono ta.

Suka haƙa rami a ƙarƙashin rumfa. Kurma ya shafe zare da gawayi, ya ɗaure, ya ja ya saki, layi ya fito a miƙe a jikin katakon. Ya shiga ramin da kansa. Bai yi nisa ba kafaɗarsa ta ce ba ta san zancen ba, Auta ya ciro shi yana haki. Suka gwada shi a sama, nan ma hannun ya ƙi ɗaguwa. Halin ɗaukar lebura kuwa babu.

Duk wannan lokaci Mai Arha bai kama gabansa ba. Kullum yana bakin lungu zaune a kan amalankensa, ba ya shigowa, ba ya tafiya. Kurma ya leƙa ya ƙwala masa kira.

"Kai, dillali. Zo ka shiga rami."

Auta ya ce gara ya rasa shagon. A kunnen tsohon ya faɗa, da ƙarfi, don kada ya ce bai ji ba. Kurma ya ce to shi ke nan, ya rasa. Ya ɗauko buhu ya fara naɗe zarton a hankali, yana cewa shi dai ya yi wa uban aiki ya yi wa ɗan, bai san zai ƙare a hannun mai taurin kan da zai ba da shagon ubansa don kada ya ga ƙeyar mijin yayarsa ba. Ko fuskarsa ba za ka gani ba, in ji shi, yana ƙasa kana sama, har ƙura za ka zuba masa, me kuma kake nema? Auta ya fizge buhun ya jefar.

Mai Arha ya tuɓe riga ya shiga. Mutum ne da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi jakar hannu nauyi ba, ga tumbi. Suka fara. Auta na fizgar zarton sama kamar zai tsige wa na ƙasa hannu, ya kuma danna shi ƙasa tun wancan bai shirya ba. Zarto ya yi ta lanƙwashewa yana kuka, ya saki layi ya shiga gefe. Kafin Kurma ya tsayar da su sun ɓata allo guda.

Tsohon ya auna abin da ya rage da tafin hannu, ya kalli Auta.

"Katakon nan ba shi da na canji. Ka ɓata wani, ƙofa ba za ta fita ba. In fushinka ka zo yankawa, ga itacen girkin Inna can. Nan kuwa sai ka jira shi ya ja, shi ma ya jira ka ɗaga."

Babu yadda Auta zai yi. Dole ya saurari numfashin mutumin da ko sunansa ba ya son ji, ya gane lokacin da ya shirya, ya sassauta in ya gaji. Da farko suna yi zarton na cijewa. Can sai ya daina kuka ya kama wata ƙara mai daɗi, jan gari na zuba. In suka taɓa ƙusa su biyun suke ji a tare, su tsaya ba wanda ya ce wa wani tsaya. Allo ya faɗo a miƙe kamar inji ne ya yanka. Kurma ya shafa shi ya gyaɗa kai, wanda a wurinsa yabo ne.

Haka suka yi ta yi, kwana da kwanaki. Ruwan farko ya sauka, Yaya da yara suka dawo ɗakin Inna da tabarmi a jiƙe. Shi Mai Arha a can kangon ya ci gaba da zama, da safe ya zo ya shiga raminsa. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa, yanzu ko tari ba ya yi da ƙarfi. In an kawo abinci a bakin rami yake cin nasa shi kaɗai.

Ana kan katako na ƙarshe, da rana tsaka, Auta ya ji zarton na suɓuce wa na ƙasa. Ya tsaya ya leƙa. Tafin hannun Mai Arha ya ɗuri ruwa ya fashe, mariƙin zarton duk jini, ya naɗa tsumma ya ci gaba bai gaya wa kowa ba. Idanunsa sun kumbura sun yi jawur saboda gari, da ƙyar yake buɗe su. Auta ya tsuguna a kan katakon.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka sani?"

Mai Arha ya goge fuska da bayan hannu. "Na sani. Mutumin ya ce a bar shi ya sha iska. Na ga arha, na ja bakina na yi shiru. Da abin ya ɓaci kuma tsoro ya kama ni, na yi ta rantsuwa."

"Ka san abin da ka ja mini?"

"Kullum ina ganinka kana tura amalanke."

Auta ya zaci ranar da ya ji wannan magana zai dira ramin ya shaƙe mutumin. Sai ya ji fushin da yake ɗauke da shi tun ranar da aka sa kwaɗo ya sauka. Ya miƙa hannu.

"Fito. Hau sama."

Mai Arha ya ce bai iya bin layi ba, zai ɓata. Auta ya ce Baba Kurma zai tsaya a kansa, kuma in ya makantar wa Yaya da miji ba za ta bar shi ya sha ruwa ba. Ya jawo shi waje, ya tuɓe tasa rigar ya dira ramin. Ja na farko gari ya cika masa baki da hanci. Ya tofar, ya ɗaga murya ya ce ashe tumbin nan ba na banza ba ne, shi ya riƙe mutum a ramin nan. Sannan Mai Arha ya ce ja ɗaya har yaro ya fara kuka, ko a kira masa Inna ne? Yaya na tsaye a bakin kicin da tire a hannu. Ta juya ta koma ciki don kada a ga fuskarta.

Sauran aikin na Auta ne da Kurma. Suka kankare allunan, suka haɗa su, ramukan ƙusa suka toshe da gutsattsarin katakon kansa. Mai Arha da hannu a ɗaure yana gugar samfefa. Auta ya ce ba za a sa fenti ba, mai kawai za a shafa, don kowa ya ga irin katakon da idonsa.

Saura ƙiris a buɗe makaranta suka ɗora ƙyauren a amalanke, su uku suna turawa, mutane na tsayawa a bakin titi suna kallo. Suka kafa. Injiniya ya zo, masu makaranta na biye da shi. Ya caka a sama, ya caka a ƙasa, ya caka a tsakiya, har gefen da hinji yake bai bari ba. Ya mayar da na'urar aljihu. Ya sa yatsa ɗaya ya tura, ƙaton ƙyauren nan ya tafi sumul ya haɗu da ɗan'uwansa ya rufu ruf, ko takarda ba za ta ratsa tsakaninsu ba. Ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, kamar yaro ya sami abin wasa. Mai gadi ya ce daga nesa shi dai a bar shi a waje in za a gwada.

Babban cikin masu makarantar ya zaro makulli ya miƙa wa Auta. Ya ce gaskiya har sun sami mai sayen shagon, ba su zaci zai kai ba. Ya ƙara da cewa azuzuwan suna bukatar ƙarin tebura da benci, in yana so. Auta ya ce yana so, amma da kansa zai zaɓi katakon, da kansa zai busar, kuma ba wanda zai sa shi sauri. Suka ce sun yarda.

Daga nan shago suka nufa. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da aka ɗiga masa mai. Ciki wayam, sai shatin inda injina suka zauna a ƙasa, da babban teburin aikin mahaifinsa da ya fi ƙarfin a fitar da shi. Labari ya riga su isa. Maƙwabtan shago suka taru suna ta barka, tsofaffin ma'aikata ma suka zo suka tsaya daga nesa suna sosa ƙeya. Kurma ya ce a kore su. Auta ya ce a bar su, kowa da iyali. Ya gaya musu aiki ya dawo, amma aikin farko ba na biya ba ne. Gobe da safe kowa ya ɗauko gudumarsa, rufi za a ɗora wa gidan Yaya kafin ruwa ya sake sauka. Babu wanda ya ce a'a.

Mai Arha na raɓe a bakin ƙofa, bai shigo ba. Auta ya juya ya gan shi.

"Yaya, shigo mana, ka tsaya a waje kamar baƙo. Ga tsintsiya can."

Mai Arha ya shigo ya ɗauka da hannunsa mai tsumma. Auta ya ɗauki ɗayar, suka fara shara daga can ƙuryar shagon.